In Rumbun Kwamfuta Ya Tsage, Hatsi Ake Fara Kwashewa

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɗan akwatin ƙarfe ne da yake cikin kwamfuta. Girmansa bai fi tafin hannu ba, amma duk abin da aka rubuta aka ajiye, a cikinsa yake kwana. Masu gyara suna ce masa had-dis. Ku lura da kyau, babu abin da ya haɗa shi da darasin Hadisi, sunan ne kawai ya yi kama a kunne. Mu a nan za mu kira shi faifan ajiya, ko kuwa rumbun kwamfuta, domin aikin rumbu yake yi.

Kada wani ya ce ai mu gidanmu babu kwamfuta, ina ruwanmu. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB gaba ɗaya. Yayyenku da suke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, aikin bincikensu na shekarar ƙarshe a cikin laftof yake. Hotunan biki da na suna, da kwafin takardun gona da na makaranta, da yawa a nan aka zuba su. Ran da faifan ya mutu, duk da su yake tafiya.

Ni kaina sai da abin ya ci ni sannan na koya. Ina da wata tsohuwar laftof ta hannu da na saya a Kano. A cikinta akwai sunayen 'yan ajina da makinsu na zango 2, da shafuffukan ajami da na yi wata guda ina bugawa harafi-harafi, kuma duk wanda ya taɓa sa wasali a kwamfuta ya san wannan wahala. Akwai kuma hotunan wani tsohon littafi na rubutun hannu, wanda wani dattijo ya ba ni aro na kwana 3, na ɗauki hoton kowane shafi, ya koma da abinsa Damagaram. Sai laftof ta fara nauyi. In na buɗe fayil sai ta tsaya cak, kamar jakin da kaya ya yi wa yawa. Na yi mako 3 ina cewa tsufa ne. Ran nan da safe na kunna, Windows ya ƙi tashi. Na ɗauka na kai wa wani yaro mai gyara, na ce, "Ga ta nan, a duba mini," na shiga kasuwa. Ko da na dawo sai ya ce, "Malam, an gama. Na yi mata fomatin, ga sabon Windows na sa." Ta tashi kuwa fes, kamar ɗakin da aka share, babu ko tsinke a ciki. Bayan kwana 9 ta sake mutuwa, wannan karon da wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Makin yara na sake haɗa shi daga takardu. Ajamin na sake bugawa. Littafin dattijo kuwa har yau ban ƙara sa shi a ido ba. Ban ga laifin yaron sosai ba. Gyara na ce, gyara ya yi. Ban gaya masa kayan ciki nake so ba.

To, mene ne a cikin wannan ɗan akwati? Kakanninmu da suka ga garmaho za su fi saurin ganewa. Faifai ne mai sheƙi, ɗaya ko biyu ko fiye, na alminiyam ko na gilashi, an shafe shi da wani sinadari mai riƙe maganaɗisu. Wani ɗan inji yana juya shi, a laftof galibi sau 5,400 a minti ɗaya, a babbar kwamfuta ta tebur sau 7,200. Ku raba da 60 ku gani: sau 90 ke nan, ko 120, a daƙiƙa guda. Sannan akwai wani siririn hannu mai ɗauke da abin da za mu kira allura, ita ce mai rubutu da karatu. Bambancinsu shi ne, allurar garmaho tana taka faifai, wannan kuwa ba ta taɓa shi ko kaɗan. Iskar da juyawar faifan take tayarwa ce take ɗauke da ita, tana shawagi a kansa da tazarar da kaurin gashin kai ya ninka sau dubbai. Ran da ta taɓa faifan yana cikin gudu sai ta karce shi, kuma abin da yake wurin da ta karce ya tafi ke nan.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan a 1956. Faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, injin ya kai nauyin wajen tan 1, amma abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. Laftof ta gwanjo mai gigabayit 500 ta ninka shi sau 100,000. Kamfanoni 3 ne suka rage a duniya masu ƙera shi, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma babu na wanda ba ya mutuwa.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne yadda ciwon yake farawa. An yanka fuskar faifan gurbi-gurbi, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, ko 4,096 a sababbi. Kamfani yakan ɓoye wasu gurabe na ko-ta-kwana. In wani gurbi ya raunana, faifan da kansa yakan yi masa alama, ya mai da ajiyar zuwa sabon gurbi, bai gaya wa kowa ba. Shi ya sa ciwon yake daɗewa a ɓoye, kamar gara a gindin rumbu. Nauyin nan da kwamfutata ta yi, allura ce take isa wani raunanan gurbi ta kasa karantawa, ta sake, ta sake, kwamfuta duka tana jiran ta. Ashe magana take yi mini tsawon mako 3, ban ji ba.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Kwamfuta takan daskare duk lokacin da aka taɓa wani fayil guda. Hoto yakan buɗe rabi, rabin ya zama toka-toka. Jakar fayiloli takan ɓace, ko sunaye su koma wasu haruffa marasa ma'ana. Windows yakan tsaya binciken faifai duk sanda aka kunna. Daga ƙarshe sai baƙin allo da saƙon cewa ba a ga faifan da za a tashi da shi ba. Masu HP, wadda ta yi yawa a kasuwanninmu, sukan ga lamba 3F0 a wannan saƙo, ko kuwa 301, wadda take nufin faifan da kansa ya kai ƙara cewa ba shi da lafiya.

Sai kunne. Ku dubi mai injin niƙa a unguwarku: yana can yana hira, amma da ƙarar injin ta sauya zai miƙe, tun kafin hayaƙi ya tashi. Lafiyayyen faifai yana da ɗan gurnani mai taushi da motsi kaɗan-kaɗan. In kuka kara kunne kuka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, ya yi shiru, ya sake, to allura ce take neman wurinta ta rasa. In kuwa ƙarar karta ce, kamar ana goga ƙarfe a dutse, allura ta riga ta sauka a kan faifai. A wannan hali abu ɗaya ne ya rage: a kashe nan take. Kada a ce bari a sake kunnawa ko za a dace. Kowace kunnawa ƙarin karta ce, sau 90 a daƙiƙa.

Idan kwamfutar tana tashi tukuna, akwai hanyar tambayar faifan lafiyarsa. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake ƙera faifai da wani tsari mai suna SMART, wato dai faifan yana riƙe da katin asibitinsa da kansa. Akwai wata manhaja ta kyauta daga ƙasar Japan, CrystalDiskInfo, da take karanta wannan kati. In ta nuna shuɗi, ba ta ga komai ba. In ta nuna rawaya, a yi hattara. In ja ne, sai gaggawa. A cikin jerin da za ta kawo, layi 3 za ku nema. Layi mai lamba 05 yana ƙirga guraben da suka mutu aka musanya su. C5 yana ƙirga waɗanda ake zargi, ba a kai ga musanyawa ba. C6 kuma waɗanda karatunsu ya gagara. A lafiyayyen faifai, adadin da ke ƙarshen waɗannan layuka ta dama sifili ne zalla. A sama kuma za ta nuna zafin faifan da yawan awannin da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga mai sayen laftof ta hannu a Farm Centre ta Kano ko a nan Daura. Shekara guda awa 8,760 ce. Jikin laftof yana iya sheƙi, katin asibiti ya nuna faifan ya sha aiki.

Amma kada a ɗora wa wannan kati abin da ba zai iya ba. A 2007 injiniyoyin kamfanin Google suka fitar da binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000 na kamfaninsu. Suka gano cewa faifan da aka musanya wa gurbi karo na farko, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta sauran fiye da sau 14. Suka kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu, babu wata alama da katinsu ya nuna kafin nan. Wato in ya ce akwai ciwo, ku yarda da shi. In ya ce lafiya lau, ku ji da kunne ɗaya.

Yanzu ga zuciyar darasin. Manomi a Sandamu in ya ga rumbunsa ya tsage ga hadari ya haɗo, ba ya tsayawa kwaɓa ƙasa da hatsi a ciki. Gero da dawa yake fara kwashewa, rumbu ya jira. Haka faifai. Da zarar kun ga alama, ku daina komai, ku samo filas ko faifan waje, ku fara kwashe kaya. Ku fara da abin da babu irinsa a wani wuri: rubutun da kuka buga da hannunku, da takardu, da hotunan iyali. Karatun malamai da aka turo muku ta waya da finafinai su zo daga baya, ana samun su a wurin wani. Kada ku ja komai gaba ɗaya. Jaka-jaka za ku bi, in ya maƙale a kan wani fayil ku tsallake shi, domin faifan da yake ciwo ƙarfinsa ƙididdigagge ne, kada ya ƙare a kan fayil guda.

Akwai wani kuskure da na ga har manya suna yi. Mutum zai ce, "Ai ni na mai da kayana D, C ne yake da matsala." A yawancin laftof, C da D faifai ɗaya ne aka raba da layi, inji ɗaya, allura ɗaya. Kamar ka kwashe hatsi daga gabashin rumbu ka mai da yammacinsa ne. In rumbun ya faɗi, duka ya faɗa wa.

Kafin a gama kwashewa, kada a yi fomatin, kada a sa sabon Windows, kada a saukar da wata manhaja a kan faifan, domin sabon rubutu yana iya hawa kan tsohon da ake nema. Haka kuma umarnin nan na chkdsk da masu gyara suke so. Yana da amfaninsa a lafiyayyen faifai, amma yakan sa majinyaci aiki na awanni, kuma in ya ga fayil ya lalace yakan datse shi don lissafi ya daidaita. Garin neman gira sai a rasa ido. Wasu kuma za su ce a sa shi a firji, ko a ɗan buga shi da hannu. Firji raɓa yake kawowa a kan faifai, duka kuma karta. Mafi muni shi ne a kwance murfinsa a teburin shago don a ga abin da ke ciki. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allura girma nesa ba kusa ba, balle a ce lokacin hunturu ne. Masu buɗe faifai na gaskiya suna da wuri na musamman mai tace iska, a manyan birane suke, kuma kuɗin aikinsu yakan kai na wata kwamfutar. Sai abin da ke ciki ya cancanci haka.

In Windows ya ƙi tashi amma babu mummunar ƙara, kada a yanke ƙauna. Sau da yawa guraben da Windows yake zaune ne suka lalace, kayanku suna nan. Wani lokaci ma ba faifan ba ne: waya ce ta saki saboda jijjiga, ko ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo ya mutu kwamfuta ta mance saitinta, ko ƙwayar cutar filas ce ta ɓoye fayiloli. Mai gyara zai iya ciro faifan, ya sa shi a ɗan gidan USB, ya jona a wata kwamfutar a gani. To a nan ne za ku yi abin da ni ban yi ba. Ku gaishe shi, sannan ku ce, "Maigida, kayan ciki nake so kafin komai. Kada a yi fomatin sai na ga kayana a wani wuri da idona." Ku tsaya a wurin, kada ku shiga kasuwa.

Mai gyaran da ya san aiki zai yi amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue, wadda take aiki a kan Linux. Hikimarta irin ta mai fitar da kaya daga ɗakin da yake yoyo ce. Tana kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye mai girmansa ko wanda ya fi shi. Wuraren da suke karantuwa da sauƙi take fara ɗauka, ta tsallake masu wuya, tana rubuta inda ta tsaya, sai ta gama sannan ta dawo tana lallaɓa ragowar. Ko an ɗauke wuta, daga inda ta tsaya za ta ci gaba. Daga nan duk wani bincike a kan kwafin ake yin sa, majinyaci ya huta. Akwai kuma PhotoRec, mai tsinto hotuna da takardu ko bayan fomatin na gaggawa, muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Da na san wannan ran da na karɓi laftof ɗina, da na kashe ta a nan shagon. Kwana 9 na yi ina rubutu a kan shafuffukan dattijo.

Faifan da ya fara musanya gurabe ba ya warkewa, canzawa ake yi. In da hali a sa irin wanda ake kira SSD. Babu abin da yake juyawa a cikinsa, ya fi sauri, kuma ya fi jure jijjigar babur. Aibinsa shi ne ba ya ƙara kafin ya mutu, kuma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo. Tsohon kuwa kada a miƙa wa 'yan gwangwan da sirrin gida a ciki. A adana shi, ko babba ya huda shi. Yara kada ku fasa don neman maganaɗisu, faifan laftof sau da yawa gilashi ne, yana tarwatsewa.

Abubuwan da suke kashe shi a wajenmu sanannu ne. Ɗaukar laftof tana kunne a dangwarar da ita. Ɗaukewar wuta farat ɗaya ga wadda batirinta ya mutu, ko janareta mai hawa da sauka. Sai zafi: a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga an ɗora laftof a kan katifa ta rufe mata hanci. In manhajar nan ta nuna faifai ya haura digiri 50, a kashe a ba shi iska, a sa a hure fankar.

Duk wannan wahala, wanda yake da kwafi ba ya shan ta. Malamanmu na da sun san haka. Littafin da yake kwafi ɗaya a cikin gafaka, gara da ruwan sama suke da iko da shi, shi ya sa almajirai suka yi ta kwafa da hannu har littattafan suka iso gare mu. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi 3, a kan abubuwa iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Wannan na ƙarshe shi mutane suke rainawa. A watan Maris na 2021 gobara ta ci babbar kasuwar Katsina. Ku yi tunanin mai shagon da kwamfutarsa da filas ɗinsa suke aljihun tebur ɗaya. Kwafi ɗaya ya kwana a gidan kawu ko gwaggo, ko a intanet, inda Google yake ba kowane mai adireshin Gmail gigabayit 15 kyauta. Makin ɗalibai da takardun gona, a buga su a takarda ma, ita ba ta jiran wuta.

Kuma a riƙa buɗe kwafin ana dubawa. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana cikin haɗa fim ɗin zane na Toy Story 2 sai wani umarni na kuskure ya goge mafi yawan aikin, da aka je ga ajiyar ko-ta-kwana aka tarar ba ta cika ba. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da take aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Mu a nan abin da ya fi cin mutane shi ne filas na jabu: an rubuta gigabayit 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, amma abin da yake ɗauka kaɗan ne, sauran sunaye ne kawai babu komai a ciki. In kun sayi sabo, ku cika shi da hotuna, ku cire, ku mayar, ku buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Ga aikin gida. Wani ya kawo laftof ta hannu, manhaja ta nuna faifanta ya yi awa 26,280 yana aiki, layin 05 sifili ne, amma layin C5 ya nuna 8. Shekara nawa ke nan na aiki ba tsayawa? Kuma in ta yayanku ce, ga aikin bincikensa a ciki, me za ku ce ya fara yi a daren nan? Wanda akwai kwamfuta a gidansu ya nemi izinin mai ita, ya kara kunne a jikinta minti ɗaya, ya rubuto abin da ya ji. A kawo amsa ranar Asabar, da boko ko da ajami.